Yadda Na Kusa Kashe Yayana a Babi na 12

A zamanmu na ƙarshe kafin a tattara rubuce-rubucen wannan ɗan littafi, gardama ta kaure a kan tambaya guda: marubuci ya tsara labarinsa tun daga farko har ƙarshe kafin ya ɗora biro a takarda, ko kuwa ya fara kawai, labarin ya kai shi inda ya ga dama? Aka sha shayi na ɗaya, na biyu, na uku, ba a rabu ba. Masu tsari suna cewa magini ba ya aza tubali sai ya auna fili. Ɗaya ɓangaren suna cewa in ka riga ka san ƙarshen labari, to me ya rage maka ka rubuta? Ni dai na yi gum. Ina da abin faɗi, amma akwai kunya a cikinsa, kuma kun san abin da baki ya ji nauyinsa, hannu yakan iya. Shi ya sa na ce bari in rubuto muku.

Ni ɗan Madarumfa ne, kudu da Maraɗi, a bakin tabkin nan da ake cewa waliyyai 99 ke kwance kewaye da shi. Labarina na farko na rubuta shi ina lise a Maraɗi, kuma ban tsara komai ba. Jimla ɗaya ce ta faɗo mini wata rana da yamma: wani masunci ya fede tarwaɗa ya sami zobe a cikinta. Na sayi kaye mai shafi 100, na kama rubutu. Wallahi daɗin da na ji a makonnin farko ban sake jin irinsa ba. Kullum in na dawo daga lakwal ina ɗokin in ga abin da zai sami mutumin nan, kamar wani ne ke ba ni labarin. Zoben ya kai shi Katsina, daga Katsina ya faɗa hannun wata bazawara, daga nan aljanu suka shigo. Kaye ya cika, na sayi na biyu, na sayi na uku.

Wani abokina ne ya tona mini asiri. Ya ari kayen, ya kwana biyu da su, ya dawo yana dariya har da hawaye. Ya ce mini, “Kai malam, mai tsiren nan da ke ba jarumin naka shawara a kaye na uku, ba shi ne ka nutsar a tabki a kaye na ɗaya ba? Har janaza ka yi mishi.” Na duba, haka ne. Zoben kuwa, tun tsakiyar kaye na biyu ban ƙara ambatonsa ba. Na jefa kayen uku a ƙasan akwati, na rantse ba zan sake fara labarin da ban san ƙarshensa ba.

Da na shiga Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai ina karatun kimiyyar harshe, sai na sami malaman da suka ƙara mini ƙarfin gwiwa a kan wannan rantsuwa. Na karanta aikin Vladimir Propp, ɗan Rasha, wanda a 1928 ya ɗauki tatsuniyoyin ƙasarsu ya feɗe su, ya nuna cewa duk yawansu, ayyuka 31 ne ke maimaituwa a cikinsu, kuma bi da bi suke zuwa: a yi hani, a karya hanin, mugu ya yi ɓarna, jarumi ya bar gida, da sauransu. Na sake karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda littafinsa na farko ya fito a 1937, da sabon ido. Da, labaran kawai nake bi. Yanzu sai na ga ginin da ya riƙe su: aku yana ba Musa ɗan sarki labari bayan labari don ya hana shi fita, saboda haka kowane labari yana da aikin da aka ɗora masa a cikin babban labarin. Na ce to, ga sirrin nan. Na zama mai tsari har na wuce gona da iri. In na ga ɗan'uwa yana rubutu babu jadawali, kallon tausayi nake yi masa.

A hutun damina na 2023 aka ba mu aikin gida: kowa ya ɗauki muryar wani dattijo yana magana da karin harshen garinsu, ya rubuta ta yadda aka faɗe ta, ba gyara. Na hau mota na bi ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, na sauka Maraɗi, yayana ya ɗauko ni a moto zuwa gida. Wadda na zaɓa ita ce Kaka, mahaifiyar babanmu, wadda har gobe “maigidana” take kirana, tana ƙorafin na bar ta ba kuɗin cefane. Abin da nake nema a bakinta sauti ne: yadda take cewa tahi inda littafi ke rubuta tafi, hwaɗi a maimakon faɗi, sunka da munka a maimakon suka da muka. Don in sami isassun misalai, na sa ta ba da tatsuniya guda sau uku a darare dabam-dabam. Tatsuniyar kun san ta: yarinyar da ta ce ba za ta auri kowa ba sai namiji marar tabo, har dodo ya rikiɗa ya zo ya aure ta. Na ɗauka a salula, na rubuta, na ƙirga abin da zan ƙirga, na miƙa aikina. Labarin kansa ban ko kula shi ba.

Wannan hutu kuwa ya zo a mawuyacin lokaci. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka tsakaninmu da Najeriya. Wanda bai san yankinmu ba zai ɗauka magana ce ta rediyo. Mu kuwa daga Madarumfa zuwa Ɗan Isa, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, hanya ce ta kasuwa da zumunci, akwai gidan da uwa ke wannan gefe ɗiyarta na aure a wancan. Yayana ɗan kabu-kabu ne. Da moton nan yake ciyar da matarsa da ƴaƴansa biyu, da ita yake aiko mini jaka biyar ko jaka goma in wata ya yi nisa a Yamai. Na ga yadda yake fita da asuba ya dawo bayan isha'i, fuska duk ƙura, Inna tana zaune a tsakar gida ta kasa cin tuwo sai ta ji ƙarar motonsa.

Da na koma Yamai sai na ce wannan shi ne labarin da zan rubuta. Na sa wa jarumin suna Ilu. Wannan karon ban yi gaggawa ba. Na sayi sabon kaye, na ware shafi huɗu na farko, na ja layi da rula: babi 12, kowane babi da abin da zai faru, da wanda zai shigo, da wanda zai fita. Babi na 1, an rufe iyaka. Babi na 4, Ilu ya ci bashi. Babi na 7, mahaifiyarsa ta roƙe shi ya daina bin hanyar daji, ya ƙi. Babi na 9, abokinsa ya ci amanarsa. A gaban babi na 12 na rubuta kalma uku da jan biro: Ilu ya mutu.

Me ya sa na kashe shi? Lokacin ban tambayi kaina ba. Yanzu na gane cewa na ɗauka labari ba ya yin nauyi sai da gawa a ƙarshensa. Ina son a karanta a fada a yi shiru, wani ya ce “kai, yaron nan ya iya.” Mutuwar Ilu ado ce na yi wa kaina.

Babi shida na farko sun tafi yadda na tsara, kuma ba su da rai. Mutanena suna shiga suna fita kamar ƴan makaranta a layin asuba. Kowa ya faɗi abin da jadawali ya ce ya faɗa, ya koma gefe. Sai a babi na 7 wani abu ya faru. Na zo rubuta roƙon da uwar Ilu za ta yi, hannuna ya ƙi. Matar da nake gani a raina ba mai roƙo ba ce. Kafin in ankara na rubuta ta tashi da tsakar dare, ta zare makullin moto daga aljihun rigarsa, ta tura shi cikin tukunyar daddawa. Da safe Ilu yana ta haƙilo yana zazzage gida, ita kuwa tana dama fura tana taya shi nema. Na rubuta shafi tara a zama guda, ina dariya ni kaɗai a ɗaki. Da na gama sai tsoro ya kama ni, don in makulli yana cikin daddawa, Ilu ba zai fita ranar da zai haɗu da maci amanarsa ba, babi na 9 ya rushe ke nan, na 12 ma ya soma girgiza. Na ja layi a kan shafi taran nan, na rubuta roƙon da jadawali ya ce, rabin shafi, na wuce.

Da ƙaramar Salla ta 2024 na je gida da kayen. Lokacin Najeriya ta riga ta buɗe iyakarta tun watan Maris, harkoki sun fara motsi. Wata rana na dawo daga bakin tabki na tarar da yayana zaune a kan tabarmata, kayen a buɗe a cinyarsa. Bai yi nisa a lakwal ba, amma yana karanta Hausa sarai. Kuma ba labarin ya fara karantawa ba, shafi huɗun farko ya buɗe.

Ya ce, “Wanga Ilu, ni ne ko?”

Na ce, “Yaya, ai labari ne kawai.”

Ya ce, “Motonai ja, tawa ja. Ɗiya biyu, ni ma biyu. Har ƙanen da ke karatu Yamai ka sa mishi.” Ya ɗora yatsa a kan jan rubutun. “To mi na yi maka?”

Ya faɗe ta da murmushi, amma murmushin bai kai ido ba. Na fara yi masa bayanin adabi, wai mutuwar jarumi tana nuna halin da talaka ke ciki. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce shi bai san wannan ba, abin da ya sani shi ne duk safiyar da zai tada moto sai Inna ta yi masa addu'a, ashe ƙanensa na can ya riga ya rubuta ranar. Ya ce in Inna ta ji wannan, ba za ta kira shi labari ba, baki za ta kira shi. Ya ajiye kayen ya fita.

Kwana biyu muna gaisawa sama-sama. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta kwanakin nan ba. Mutumin da ƙurar hanya ke shiga huhunsa don in zauna a aji, na mai da shi kayan aiki, na yanke masa hukunci tun kafin in saurare shi ko sau ɗaya. A nan na ga aibin tsarin da na yi: na gama yanke komai a lokacin da na fi jahiltar labarin, wato kafin in fara shi.

A dare na biyu barci ya ƙi zuwa, na sa abin ji a kunne ina ta latsa salula, sai na faɗa kan muryar Kaka ta bara. Na saurari ɗauka ukun a jere, wannan karon labarin nake bi. Na farko, da ta ba yara ƙanana, bai fi minti goma ba, dodon ma abin dariya ne, yana tuntuɓe da jelarsa. Na biyu ya haura minti ashirin. A daren nan akwai wata ƴar baffanmu a wurin, wadda ta ƙi samarin gari tana jiran wani mai mota da ba wanda ya san asalinsa. Kaka ta zauna a kan baƙon nan ta yi ta siffanta shi, rigarsa, turarensa, yadda yake raba kuɗi, har ana jin ƴan dariya ƙasa-ƙasa a cikin ɗaukar. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Na uku ta gaji, ta taƙaita, amma ta ƙara wata tsohuwa a bakin rafi wadda babu ita a sauran biyun.

Sai na ɗauko takarda na jera abin da bai canja ba. Yarinya ta ƙi masu tabo. Baƙo ya zo. An ɗaura aure. An shiga daji. Ya koma siffarsa. Ta tsere. Matsaya shida, kullum a jere, ko sau ɗaya Kaka ba ta tsallake ɗaya ba. Duk abin da ke tsakaninsu kuwa a wurin take ƙirƙirarsa, tana duban fuskokin masu saurare. Abin da muke haddacewa a aji ne game da Saussure, bambancin langue da parole: ƙa'idar harshe tana nan daram a kan kowa, amma ba wanda ke tsara jimlolinsa na gobe tun yau. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci maki, ban taɓa zaton yana da alaƙa da kayena ba.

Da safe na same ta tana gyaran zogale. Na ce, “Kaka, in kina ba da tatsuniya, kin san abin da za ki hwaɗi tun kahin ki hwara?”

Ta ce, “Maigidana, karatun naka bai hana ka tambayar banza ba. In za ni Maraɗi na san Maraɗi za ni. Amma na san wa zan gamu da shi bisa hanya?”

Na ce, “To in kin kama hanya kika ga ba Maraɗi ya kamata ki tahi ba hwa?”

Ta dube ni ta ce, “Sai in juyo mana. An ɗaure ni ne?”

Daga baya na gane cewa abin da Kaka ke yi, manyan masu fasaharmu sun daɗe suna yinsa. Wasan kwaikwayon Hausa na Nijar, irin wanda su Yazi Dogo suka shahara da shi, yawanci ba a rubuta maganganunsa kalma bayan kalma. Ƴan wasa sukan yarda a kan jigo da jerin fitowa, kowa ya san inda fitowarsa za ta ƙare, maganar kuwa a dandali take fitowa. Wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta yi littafi guda a kan wannan a 1987. Mamman Shata ya yi suna wajen ƙaga waƙa nan take, amma kalangu da amshi suna riƙe da shi, su ne turken da yake zagayawa. A Ingila ma, Charles Dickens kashi-kashi yake fitar da littattafansa, mutane na karanta farkon labari shi yana kan rubuta tsakiyarsa, amma yana da ƴan takardun da yake tsara kowane kashi a kai. Da ya mutu a 1870 ya bar labarin Edwin Drood a kashi 6 cikin 12 da ya yi niyya, har yau ana gardamar yadda ya so ya ƙare shi.

A daren da zan koma, na ɗauki kayen na sami yayana yana wanke moto a ƙofar gida. Ban ba shi haƙuri da dogon bayani ba, na ce dai, “Yaya, akwai wurin da na soke, ina so ka ji.” Na karanta masa shafi taran nan na makulli a tukunyar daddawa. Tun yana daurewa har ya saki soso ya riƙe ciki. Ya ce, “Wallahi Inna ce! Ta taɓa yi mini, amma cikin buhun gero ta sa.” Ban taɓa sanin wannan ba. Abin da hannuna ya rubuta ba da izinin jadawali ba ya fi duk abin da na tsara kusa da gaskiya, don shekara ashirin da wani abu ina kallon matar nan, sanin yana jikina ko da kaina bai lissafa shi ba.

Daga nan ya zauna ya ba ni abin da babu shi a shafi huɗuna. Ya ce ni ina ta rubuta bindiga da dare, alhali abin da ya fi hana shi barci shi ne kuɗin da zai kai wa mai moton kowane mako kafin ya gama biya ta zama tasa. Ya gaya mini yadda ake gane taya za ta yi faci tun kafin ta yi, da yadda fasinja ke canja murya in ba shi da kuɗin da ya yi alkawari, da wata tsohuwa da yake kaiwa ganin jikokinta kyauta, ita kuma ba ta taɓa zuwa hannu sake ba, ko ƙuli-ƙuli ne sai ta ƙulla masa. Har aka yi kiran asalatu muna nan.

To ga inda na tsaya, ga masu tsari da masu bin hanci duka. Har yanzu ina tsarawa, don ban manta mai tsiren da ya tashi daga kabari ba. Amma tsarin nawa ya koma shafi ɗaya, matsaya biyar ko shida irin na Kaka, kuma da fensir nake rubuta shi. Ina kuma riƙe da wani ɗan kaye dabam inda nake lissafa wanda ya mutu, wanda ya yi aure, da inda zobe yake. In ina rubutu wani ya yi abin da ban sa shi ba, ba na soke shi nan take. Nakan bar shi ya kwana, da safe in tambayi kaina: wannan daga sanin mutumin ya fito, ko daga gajiyata? In daga sani ne, jadawali ne zai matsa. Kuma in labarin ya taɓa mutum mai rai, sai na zauna da shi kafin in yanke masa ƙarshe.

Labarin Ilu yanzu yana babi na 10. Makulli ya koma tukunyar daddawa, maci amana ya zama mai bin bashi, tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ta shigo ta kama wuri. Jan rubutun nan ba ya gogewa, sai na manna ƴar takarda a kansa. Ranar da yayana ya kai ni tashar Maraɗi, ya sauke mini jaka, ya cusa mini kuɗin mota a aljihu, ya ce in na kai babi na 12 in kira shi kafin in rubuta. Na ce to. Ya ce kuma in ba Ilu moto sabuwa, tunda a takarda ba a biya.